Ƙararrawar Bakin Rami

Lasifika bakwai suka kewaye kujerar, uku a gaba, biyu a gefe, biyu a baya, kamar alƙalai sun sa mai laifi a tsakiya. Ƙi-mutu ya zauna ya miƙe gurguwar ƙafarsa. Wanda ya yi kwana huɗu a ƙarƙashin ƙasa ya fito da ransa, ai ba baƙaƙen akwatuna ne za su razana shi ba.

"Baba, rufe idonka," in ji 'yar ƙanensa. Ita ce ke haɗa sautin fim ɗin da ake shiryawa kan ramin ma'adinai da ya rufta shekara arba'in da suka wuce. Mutum goma sha tara ƙasa ta danne, shi kaɗai aka zaro yana numfashi.

"Na rufe shi kwana huɗu ba da sona ba. Kunna kawai."

Ta kunna. Diga ta fara sara a gabansa, ruwa yana ɗiga a bayan ƙeyarsa har sai da ya shafa wuya. Can sai ƙararrawa ta kaɗa tangaran, daidai goshinsa. Sannan ƙasa ta yi ruri.

"Tsaya! Wa ya kawo ƙararrawa gaban hancina?"

Daraktan fim ɗin ya gyara tabarau. "Baba, rahoto ne ya ce an kaɗa ta minti biyar kafin ruftawar. Mu kuma a aikinmu, duk sautin da labari ya rataya a kansa, lasifikar tsakiya ake ba shi, don kowa ya ji."

Wannan rahoton Ƙi-mutu ya san shi, ko da yake ko bihim bai iya karantawa ba. Shi ne ya ce jagoran ma'aikatan ya ji gargaɗi ya ƙi fito da mutanensa. Jagoran nan ƙanensa ne, uban wannan da ke zaune gaban kwamfuta, wadda aka haifa wata uku bayan rasuwarsa. Shekara arba'in Ƙi-mutu yana rantsuwa ba su ji komai ba, amma wanda aka sani da cika baki, gaskiyarsa ma da ragi ake sayenta. Ga shi mako mai zuwa iyalan mamatan za su zauna su kalli fim ɗin, su ji ƙararrawa da kunnensu.

"Wato ba a kaɗa ba ke nan?" in ji darakta, yana murmushin lallashin tsoho.

"An kaɗa mana. Na san mai kaɗawar, ba maƙaryaci ba ne. Ke, matsa in gani."

Ya jawo kujera gaban allon. Zanen ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da kan mutum a tsakiya, da ɗigo-ɗigo masu launi a warwatse. Ta nuna masa: kowane ɗigo sauti ne, inda ka ja shi da linzamin kwamfuta, daga nan za a ji shi.

"Au, ashe ba karatu ba ne, zane ne. Wannan kan na waye?"

"Naka ne, Baba."

"Sun rage masa girma. Wanne ne injin zuƙe ruwa?"

"Shuɗin."

Ya damƙi linzamin kamar ƙotar diga. Ɗigon ya tsere masa sau biyu, a na uku ya kamo shi, ya jawo shi daga lungun da aka jefa shi, ya manna shi a kunnen hagun kan nan.

"Nan yake, taku uku daga kafaɗata. Ƙara masa murya."

Ta ƙara.

"Ƙara! Wannan ai minsharin kyanwa ne. Injin da muke magana da hannu saboda shi?"

Ta yi ta turawa har gilashin taga ya fara rawa. Ya ɗaga mata hannu. Sai ya kamo ɗigon ƙararrawa, ruwan ɗorawa, ya fara jan sa baya.

"Bakin rami a bayanmu yake. Ka gangara, ka lanƙwasa, ka sake lanƙwasawa. Ni na kafa rabin katakon hanyar nan, da duhu ma zan bi ta."

Ɗigon ya wuce ƙeya, ya wuce lasifikan baya, yana ƙanƙancewa, har ya je ya laɓe a can ƙuryar zanen kamar ƙwayar gero.

"To, darakta, zo ka hau kujerata. Kai ma rufe ido."

Darakta ya zauna. Injin ya cika ɗakin, diga tana sara ta ƙarƙashinsa. Ya karkata kai yana jira. Yana cikin jiran ƙasa ta yi ruri, har ya zabura ya riƙe hannun kujera.

"Ina ƙararrawar? Kin kashe ta ne?"

Ta mayar da sautin baya, ta ɗora yatsa a kan allon. Ɗan ɗigon yana ta ƙiftawa a ƙuryarsa.

"Tana kaɗawa," ta ce. "Ga ta nan, tana ta kaɗawa."

Darakta ya cire tabarau ya goge. "Amma Baba, a haka masu kallo ba za su ji ta ba."

"Kunnuwanmu sun fi nasu, yaro. Mu da kunne muke sanin katako zai karye, amma ba mu ji ta ba."

Bayan ɗan lokaci darakta ya ce a bar shi haka, ya fita shan iska. Ta adana aikin, amma ba ta ɗauke ido daga allon ba.

"Baba, shi mahaifina a ina yake tsaye?"

Ƙi-mutu ya ƙara matsawa kusa da allon. Sannan ya sa yatsa a ɗan filin da ke tsakanin shuɗin ɗigo da kan mutumin.

"Nan. Shi ke riƙe da bututun injin."