Ƙarar da Don Evelio Ya Zo Ji

Duk direban da ke jera tsohuwar mota a bakin dandalin Parque Central amsarsa ɗaya ce. Baƙo zai shafa bonet ya ce, "Injin na asali ne?" Kai kuma ka dafa ƙirji ka ce, "Ɗari bisa ɗari." Ba ma ɗaukar ta a matsayin ƙarya, ta zame mana kamar gaisuwa. Shekarata tara ina faɗin ta ko ido ba na ƙiftawa.

Motar da nake ja Chevrolet ce ƙirar hamsin da biyar, ruwan hoda, ta Doña Hildelisa. Matar nan motocinta uku, dokarta guda: direban da baƙo ya kai ƙararsa, ya ajiye makulli a kan teburinta ya kama gabansa. Ba ta sauraron bayani. A kan idona ta yi wa mutum biyu. Injin asalin kuwa ya mutu tun ina goye. Abin da ke ƙarƙashin bonet ɗin yanzu injin dizal ne da aka ciro daga wata a-kori-kura 'yar Koriya. Rufin ma da zarto aka yanke shi, don baƙi sun fi son buɗaɗɗiyar mota.

Sati uku kafin ranar da abin ya faru, wata mata ta rubuto daga New Jersey tana son yawon yamma na awa biyu, ita da mahaifinta kawai. Sau biyu ta tambaya ko injin na asali ne. Ina cin shinkafa da baƙin wake a lokacin, da hannu ɗaya na buga mata amsar da na saba.

Ƙarfe biyar da rabi suka ƙetaro titi. Ita za ta yi shekara arba'in da ɗoriya, tana riƙe da hannun wani dattijo siriri mai farar riga da baƙin tabarau. A ɗaya hannun nasa farar sanda ce.

"Kai ne Reinier? Ni ce Nereida. Wannan Papi ne, Don Evelio." Ta ja ni gefe ta rage murya. "Ciwon suga ya cinye idanunsa, yanzu kuma ya koma kan ƙoda. Likita bai so mu zo ba. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka sa shi a jirgi shi kaɗai, mahaifinsa ya tsaya nan, ba su sake haɗuwa ba. Tasi kakana yake ja, irin wannan motar sak. Papi ba kallo ya zo yi ba, ƙarar injin ya zo ji."

Na ce, "To, to, madalla."

"Kuma ka sani, shekara arba'in da ɗaya yana kanikanci. Daga ƙofar gareji yake gaya maka ciwon motarka kafin ka kashe ta."

Na ce bari na duba taya, na zagaya bayan motar abokina Yoandri da ke jere da tawa. Shegen ya ji komai, yana danne dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Yau ka haɗu da gamonka, mutumina. Makahon bakanike! Ka fara koyon naɗe takardar gyaɗa, gobe sana'arka ke nan a bakin Malecón."

"Bar iskanci. Motar Arsenio fa? Tasa ce kaɗai mai injin gaske."

"Tana kan bulo tun watan Yuli. Kaji ke ƙwai a cikinta."

"To ka taimaka. In na murza makulli, ka taka totur ɗinka har ƙasa."

"Ni da nawa dizal ɗin?"

"Kai dai ka taka!"

Na yi tunanin in koma in gaya mata gaskiya, na rantse na yi. Sai na hango ta tana gyara wa tsohon kwalar riga, idonta ya riga ya ciko, na kuma hango teburin Doña Hildelisa. Ina da mata, ina da surukar da ke zaune a gidana tana shan magani safe da yamma. Na haɗiye gaskiyar na buɗe musu ƙofar baya.

"Gaba zan zauna," in ji Don Evelio. Maganarsa ta farko ke nan.

Gaba! Kusa da injin ke nan, tsakaninsu ɗan ƙarfe ne kawai. Na zaunar da shi, na ƙure rediyo kafin in taɓa makulli. Yoandri ya taka totur, ni kuma na danna hon ɗina mai waƙa, muka tashi cikin hayaniya kamar 'yan rakiyar amarya.

Muka gangara titin Prado muka hau Malecón, titin bakin teku. Bakina bai huta ba. Na ba da tarihin kowane gini, na ƙirƙiro na waɗanda ban sani ba. Na yi wa masu kamun kifi hon, na yi wa kare hon. Rana ta fara sauka kan ruwa, Nereida tana cewa, "Papi, da ka ga launin nan!" Shi kuwa ya kifa tafin hannunsa a kan allon gaban motar, ya karkatar da kai gefe guda kamar mai sauraron maƙwabta ta bango.

Duk inda danja ta tsayar da mu raina yake fita, don a tsaye ne dizal ke tona kansa. Kaf-kaf-kaf, kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Sai in riƙa ɗan taka totur ina ƙara murya. Rigata ta manne da bayana, ga iskar teku amma gumi nake yi.

"Ɗana," in ji shi, "kana da kirki, amma ka cika surutu. Kashe kiɗan nan."

"Baba, ai kiɗan gida ne, na ɗauka za ka..."

"Kashe."

Na kashe. Na jira.

Saura abu ɗaya, ramin mota da ya ratsa ƙarƙashin ruwa zuwa ɗaya ƙetaren, inda ake hawa tudun mutum-mutumin Almasihu a kalli faɗuwar rana. A nan kowane yawon yamma yake ƙarewa. A cikin ramin nan babu abin da ke ɓuya, ko tari ka yi bango sai ya maido maka da shi ninki biyu.

Na waiwaya na ce, "Ranki ya daɗe, yau an ce akwai cunkoso a rami. Me zai hana mu tsaya nan bakin ruwa? Kallon ma ya fi kyau."

"A'a, don Allah. Papi ɗan can ƙetaren ne, a unguwar Casablanca aka haife shi. Kakana ya bi da shi ta ramin satin da aka buɗe shi." Ta zaro waya ta miƙo hannu tsakaninmu. "Zan ɗauki ƙarar. In ya tafi ya bar ni, ita zan riƙa kunnawa."

Cikin raha ta faɗa, amma muryarta ta karye a ƙarshe. Na ga yatsun tsohon sun motsa a kan allon.

Muka shiga. Wayyo! Ban taɓa jin munin injin nan kamar ranar ba. Ƙarar ta cika ramin, ta dawo kanmu, ga warin dizal ya taru babu inda zai fita. Ko jariri ya san wannan ba fetur ba ne. Na riƙe sitiyari da hannu biyu ina ƙirga fitilun bango, ina jiran kalma ɗaya daga bakinsa.

Da muka fito haske ta dafa kafaɗarsa. "Papi, ita ce? Ƙarar ce?"



"Ita ce, 'yata."

Ta fashe da kuka tana dariya, ta sumbaci ƙeyarsa. Ni kuwa maimakon in ji sanyi, sai na ji kamar na haɗiyi ƙusa.

A kan tudu na kashe mota. Ya ce mata ta je bakin katanga ta kallo masa garin, ta dawo ta ba shi labari dalla-dalla. Ya saurari takunta har ya yi nisa, sannan ya juyo da baƙin tabaransa kaina.

"Silinda huɗu. Na a-kori-kura ne ko na ƙaramar bas?"

"A-kori-kura, Baba."

"Nozul ɗinka na uku mai fesa mai ya gaji, ka canza shi kafin ya kwantar da kai a hanya."

"Tun yaushe ka gane?"

"Tun ina ƙetaren titi na shaƙi warin. Abokin naka da ya taka totur don ya rufa maka asiri, shi ma dizal ne. Sakarkaru biyu."

"Baba, ka yi wa girman Allah. Motar ba tawa ba ce. In maganar nan ta kai kunnen mai ita, yau zan ajiye makulli. Ina da iyali..."

"Ban tambaye ka ba." Bai ɗaga murya ba. "Ni ba ka cuce ni ba, na ji injin dubu. Amma yarinyar nan ban taɓa yi mata ƙarya ba, ko ranar da likita ya gaya min uwarta ba za ta tashi ba. Yau ka sa na yi. Kuma ka ji abin da za ta yi da wayar nan. Za ta zauna ita kaɗai a ɗaki tana kuka a kan injin motar dakon siminti, tana cewa kakanta ne."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro.

"Fito da ni."

Na fito da shi. Ya maƙale sandarsa a hammata ya fara bin motar da tafin hannu, a hankali, daga fitila zuwa baya. Da ya kai inda aka yanke rufi ya tsaya yana shafa tabon walda.

"Kun yanka ta kamar aladen Kirsimeti. Madubin nan na motar Lada ne. Wannan fitilar kuma ban san uwar da ta haife ta ba."

Ya zagayo ɓangaren direba. Yatsunsa suka sauka kan mariƙin ƙofa, ya danna maɓallin da babban yatsa, ƙofar ta buɗe da ɗan kukanta. Ya tsaya cak. Ya lalubi ƙarfen da ke riƙe da ita, sama da ƙasa. Sai ya tura ta.

Dim.

Ƙara ce mai nauyi, sau dubu nawa na ji ta ban taɓa saurara ba. Ya sake buɗewa ya sake turawa.

A haka Nereida ta dawo ta same mu, ta fara cewa, "Papi, rana ta zama ja kamar..."

"Wayar nan. Goge abin da kika ɗauka a rami."

"Don me?"

"Ba ƙarar kakanki ba ce."

Shi ke nan, na ce a raina, ta ƙare. Ta juyo ta dube ni, murmushinta ya ɗauke. Na ji makullin a aljihuna kamar garwashi. Na buɗe baki zan faɗa da kaina, tunda gara ta ji daga gare ni, sai na ji kan sandarsa ya sauka a kan takalmina ya danne.

"Na yi kuskure ne ɗazu, tsufa," in ji shi. "Yanzu na tuna. Ban taɓa jin injinsa in zai dawo gida ba. Tun daga saman gangaren layinmu yake kashe shi ya silalo, don ya rage shan mai. Marowaci ne kakanki. Muna cikin gida, babu abin da muke ji sai ƙofa. Ita nake jira kullum da yamma." Ya ɗage sandar daga ƙafata. "Goge wancan, ki ɗauki wannan."

Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi wayar. Na ga yatsanta ya danna, ya sake dannawa. Ta goge.

"Kai direba, shiga ka zauna. Ka fito kamar wanda ya wuni yana fama da fasinja, bayansa na ciwo. Kada ka buga ta da ƙarfi, kada kuma ka lallaɓa ta. Ni zan juya baya, don daga ciki nake ji."

Ya juya ya fuskanci garin da ba ya gani, ya dafa sandarsa da hannu biyu. Ta matso da wayar kusa da ƙofa. Masu ɗaukar hoto da ke gefe suka tsaya suna kallonmu, ban san dalili ba.

Na shiga na zauna. Ban buƙaci in yi kamar na gaji ba. Na fito, na tura ƙofar.

Dim.

Don Evelio ya ɗago kai da sauri, ya juya shi wajen ƙarar. Da wata siririyar murya da ba tasa ba ya ce, "Mamá, zuba abinci. Ya dawo."

Nereida ta toshe baki da hannu don kada kukanta ya shiga wayar. Ni ma na tsaya inda nake, hannuna a kan ƙofar, ban yarda na yi numfashi mai ƙarfi ba sai da ta danna ta tsayar.