Tuwon Malam Hudu da Kifin Falo

Maniru mutum ne mai son mahaifinsa, kuma yana son a san haka. Shi ya sa da hawan jini ya kayar da Malam Hudu a gona, bai tsaya shawara da kowa ba, ya ɗauki shatar mota har Ɗantutture, can ƙasar Kurfi, ya kwaso tsohon da buzunsa da butarsa ya kawo shi gidansa na Dutsin-Ma. Ya ba shi falo guda, mai tayil da fanka da irin kujerun nan da in ka zauna sai an miƙo maka hannu kafin ka tashi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce Allah ya ba mu ɗa irin Maniru, shi kuwa ya sunkuyar da kai yadda kowa zai ga ya sunkuyar.

Matsalar ɗaya ce, tsohon ya ƙi cin abinci. Muhsina, matar Maniru, ta yi tuwon dawa, ta yi dambu, ta aika aka nemo man shanu na gaske. Takan jera masa a kan tebur har da cokali, ta ja ƙofa don kada a dame shi, in ta dawo ta tarar da tuwon ya sandare ba a taɓa ba. Likita ya ce ƙwayoyin da yake sha ba sa son cikin da babu komai, in aka ci gaba a haka sai dai a kwantar da shi a sa masa ruwa. Wuyan rigar tsohon kullum ƙara faɗi yake. Abin ya tsorata Maniru ƙwarai, don duk da son a gani da yake yi, ba ya son rasa ubansa.

Da wani ɗan ne, da zama zai yi ya tambayi tsohon abin da ke damunsa. Maniru wayarsa ya tambaya. Waya ta ce masa kallon kifi a akwatin gilashi yana kwantar wa tsofaffi hankali har ya buɗe musu ciki. Nan take ya nemo lambar wani Ya'u mai sayar da kifin ado a Katsina, aka aiko masa da akwati da duwatsu da injin kumfa, da 'yan kifaye jajaye a ƙulle cikin leda kamar kunun zaƙi. Aka girke su a kusurwar falon. Malam Hudu ya dube su, ya tambaya ko in sun girma ci ake yi. Da aka ce a'a, ya kau da kai.

Su ma baƙin sai suka ɗauki halin mai ɗakin. Suka shige bayan dutse suka maƙale, fiffike a tsuke, aka barbaɗa musu abincinsu na gwangwani ko kallonsa ba su yi ba. Maniru ya shiga uku, yanzu masu yajin cin abinci sun ƙaru a gidansa. Ya kira Ya'u, Ya'u ya ce baƙunta ce, kifi ba ya son a canza masa ruwa farat ɗaya, a rage musu haske, a ba su abinci ɗan kaɗan kamar gishirin miya, a ƙyale su su saba. Maniru ya bi wannan umarni kamar karatun allo. Da safe kafin ya tafi ofis yakan tsuguna gaban gilashin yana leƙen lafiyarsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya waiwaya ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" yana laluben makullin babur.

Sai ga ikon Allah. Kifaye suka fito daga bayan dutse, kwanon Malam Hudu kuma ya fara dawowa da rami a tsakiya. Kafin wani lokaci tsohon yana tashi da rabin malmala, har yana neman ƙarin miya. Maniru ya cika ofis da labari. Duk wanda ya ce masa ciki ko baya ke damunsa, sai ya ba shi lambar Ya'u.

Murna ba ta je ko'ina ba ruwan akwatin ya fara yin fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Kifayen suka koma sama suna buɗe baki suna haki. Ɗaya ya fito da fararen ɗigo-ɗigo a jiki yana goga kansa da dutse, wani cikinsa ya kumbura yana iyo a karkace kamar kurar ruwa mai taya ɗaya. Ran nan aka wayi gari mai kumburin ya juya cikinsa sama. Maniru ya ɗora laifin a kan masu ɗauke wuta, ya sayo wa injin kumfa batir. Ya ɗora a kan ruwan famfo, ya koma cika akwatin da ruwan leda, alhali mutanen gidan na randa suke sha. Wani ya sake mutuwa. Ya'u ya gaji da kira, ya rantse cewa abinci ne ya yi yawa, ragowar ke ruɓewa tana ɓata ruwan. Maniru ya ce ƙarya ne, shi da kansa yake aunawa.

Da saura ɗaya tak ya rage, ya lura da wani maiƙo yana yawo a saman ruwan. Ya dangwala ya sansana, ya ji daddawa. Sai ya nufi kicin da bincikensa, ya ce wa Muhsina lallai da soson wanke-wanke take goge gilashin. Muhsina ta dube shi irin kallon da ake yi wa mai neman akuyar da ke ɗaure a hannunsa.

"Yallaɓai, ni ban taɓa akwatinka ba," in ji ta. "Ka dawo gida da azahar ko sau ɗaya, ka gani da idonka."

Maniru bai saba cin rana a gida ba, na dare ma a ɗakinsa yake ci, cokali a dama waya a hagu. Amma ranar ya dawo, ya tura ƙofar falon a hankali. Malam Hudu ya sauko daga kujera, ya shimfiɗa buzunsa a gindin akwatin, ya sauke kwanon ƙasa, cokali na can kan tebur yana hutawa. Ya yi bisimilla, ya gutsuri tuwo ya dangwala miyar kuka har da man shanu, ya ɗaga murfin akwatin ya saka. Kifin ya taso a gajiye ya tsattsaga. Sannan tsohon ya kai tasa lomar baki.

"Baba! Ashe kai ne kake kashe su?"

Tsohon bai firgita ba. Ya haɗiye, ya dubi ɗansa.

"Kashewa kuma? Ni da nike ba su abin da nike ci? Kai Maniru, a gidan wa ka ga an buɗe kwano, mai rai na kallo, ba a ce mashi bisimilla ba?"

Maniru ya fara bayanin maiƙo da iskar cikin ruwa, duk abin da ya haddace daga bakin Ya'u. Malam Hudu ya bari ya gama, sannan ya ce shi tun da ya yi wayo bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. A Ɗantutture ƙofar gida ake fitar da kwano, Manu maƙwabcinsa ya kawo nasa, wane ya kawo nasa, a haɗa hannu, mai wucewa ma a kira shi. Tuwon mutum ɗaya ba ya wuce masa maƙogwaro, ko da naman sa aka yi miyar.

"To nan gidan," ya ce yana nuna gilashin da haɓa, "in an buɗe kwano su kaɗai ka zowa."

Maniru ya tsaya da makullin babur a hannu. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda babu mai kallo balle a sunkuyar da kai don a gani. Ya tuna shi da kansa ya sa a riƙa ja wa tsohon ƙofa. Ya tuna ya san ranar da kowane kifi ya daina ci, amma bai san da wane hannu ubansa yake riƙe kofi ba tun da ciwon ya taɓa shi.

Ya cire takalmi, ya ɗauki butar tsohon ya wanke hannu, ya naɗe ƙafar wandon ofis ya zauna a tayil. Malam Hudu ya gyara zama. Ya juya kwanon, ya tura tsokar naman da ke ciki zuwa gabansa, kamar yadda yake yi masa yana ƙarami. Suka ci. Muhsina ta leƙo, ta koma ta ƙaro malmala, wannan karon ta bar ƙofar a buɗe.

Can tsohon ya sake gutsurar tuwo, ya dangwala miya, ya miƙa hannu wajen murfin akwatin, don ba a korar tsohon abokin ci saboda an samu sabo. Maniru ya buɗe baki zai yi magana. Ya dubi kifin, ya dubi kwanon da ya kusa ƙarewa, sai ya cika bakin da tuwo.