Ƙofar Shagon Mijina

Mijina tela ne. A bayan ƙofar shagonsa ya rasu, lokacin yaƙinmu da mutanen ƙetaren kogi. Shagon a jikin gidanmu yake, yanzu a ciki nake kwana. Ƙofar tana nan da hujojin harsashi daidai ƙirjin mutum. Na toshe su da ƙyallaye saboda sauro.

Da aka yi sulhu, ƙasashen biyu suka ce za su gina gidan tarihi ɗaya a bakin gada. Sharaɗinsu, ba za a rubuta komai a ƙarƙashin wani kaya ba sai wakilinmu da nasu sun yarda. Aka aiko ana son ƙofarmu.

Ƙanin mijina ya riga su zuwa.

"Matar Yaya, in sun tambaye ki, mutanen ƙetare ne suka harbe shi. Duk gari haka aka sani."

Na ce, "Kai kana ina ranar?"

"Ƙarƙashin gado, inda masu hankali suke. Ki riƙe bakinki, muna da 'ya'ya a garin nan."

Da hantsi suka iso. Wakilinmu da babbar riga, wakiliyar ƙetare kuma wata ce mai tabarau. Na ukunsu tsohon kyaftin ne, shugaban tsofaffin sojojinmu, wai ya yi musu rakiya. Kyaftin ɗin ya ce, "Sannu, Baba." Fuskarsa ban sani ba, amma muryar na sani. Ita ce ta tsaya a bakin ƙofar nan ranar da sojojinmu ke gudu, tana neman kayan da mutane suka kawo ɗinki, su sa su ɓace cikin jama'a. Mijina ya ce kayan amana ne, ba zai buɗe ba.

Wakilinmu ya ce, "Za mu rubuta cewa abokan gaba suka harbe shi."

Matar ta ce, "Sojojinmu ba su shigo unguwar nan ba. Baba, ke kina ciki. Wa ya harba?"

Kyaftin ya jingina da bango yana yi mini murmushi. Na so in ce ban gani ba, kuma da ba ƙarya na yi ba. Sai idona ya faɗa kan keken ɗinkin, a kusurwar da mijina ya bar shi.

Na ce, "Cewa suka yi, 'Tela, buɗe, mu ne.' Namu ne."

Wakilinmu ya yi 'yar dariya, ya ce tsufa ya taɓa ni. Matar ta ce a rubuta yadda na faɗa. Suka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Tunda ba su yarda da juna ba, ƙofar ba ta tafi ko'ina ba.

Kyaftin ne ƙarshen fita. Ya ja sakatar, ya mayar, ya sake ja.

"Baba, sakatar nan ta saki. Mace ita kaɗai, ki sa a gyara."

Tun ranar ƙanin mijina bai taka gidan ba. Na aika wa kafinta, ya ce aiki ya yi masa yawa. Na aika wa wani, shi ma haka. Yanzu keken nake turawa in tokare ƙofar, ga shi ƙarfina ba kamar da ba.