Finjalin da Hanadi Ta Ajiye

A masana'antarmu ta gwaji da ke hamada, kudu da Amman, Abu Suhaib ne shugaba, kuma in ya ce a'a, sai ka nemi wuri ka zauna.

Aikinmu a baki ba wuya. A jiƙa dakakken dutse da ruwan sinadari, ruwan ya tsotso yuraniyam, mu kuma mu raba su har garin nan rawaya ya kwanta a gindin tanki. To namu garin kullum da dauɗa yake fitowa, ja-ja kamar tsatsa. Injiniya Hanadi ta ce wani ƙarfe ne, banadiyam, ke biyo shi, kuma in aka cire shi kafin a zuba sinadarin ƙarshe, an gama. Tanki ɗaya kawai ta roƙa. Abu Suhaib ya ce tankinsa ba tukunyar koyon girki ba ne, ya kuma yanke a mayar da ita ofis a Amman. Abin ya ci min rai ƙwarai, domin na ga gwajinta a kwalba, garin ya fito tas.

Ranar sallamarta aka ci mansaf, shinkafa da naman rago, aka yi nak. Abu Suhaib ya tashi da kansa ya zuba mata gahawa. Ta karɓa da hannun dama, ta ajiye finjalin a ƙasa ba ta ko kurɓa ba.

Dattawanmu ne ke yin haka in sun je neman aure ko sulhu, ba sa sha sai an amsa musu buƙatarsu, kuma mai gidan da ya bari gahawar ta huce a gabansa ya sha kunya. Ni dai ban taɓa ganin mace ta yi ba.

"Ke 'yar nan," in ji Abu Suhaib, "auren wa kika zo nema?"

"Na tankin can na ƙurya, Baffa."

Dariya ta kuɓuce wa direbobinmu. Ya tambaye ta in ruwan ya lalace fa, ta ce ba zai lalace ba, ko ido ba ta ƙifta ba. Ya dubi finjalin, tururi ya fara ja baya. Ya dube mu, kowa ya sunkuyar da kai.

"Sha gahawarki, Injiniya."

Ta shanye, ta girgiza finjalin alamar ta ƙoshi, sannan ta juyo ta ce in ɗauko mata safar hannu.