Karen da Marigayi Ya Bari

Abin da mijinta ya bar mata bai wuce gida da kwalaben magani da Guguwa ba. Guguwa karen farauta ne, dogo mai shafaffen ciki, wanda marigayin ya kawo tun yana ɗan kwikwiyo. Abu ɗaya tak ya koya masa: in kyanwa ta gilma a kan katanga ya kwance shi ya ce, "Kama ta!" ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Anti Tela, kamar yadda 'yan unguwa ke kiranta, tana ɗakin ɗinki tana jin su. In ta yi magana ya ce, "Ke dai ji da zarenki."

Bayan rasuwar kare ya zama nata, ba wanda ya tambaye ta. Ɗanta yana aiki a wani gari, 'yarta tana gidan miji. Ran da ta fara fita da karen wani mai babur ya wuce, Guguwa ya zabura, igiya ta fizge ta ta faɗi a kan hannun dama. Likita ya ce ƙashi ya tsage. Ɗinkin mutane ya taru a tebur, ko almakashi ba ta iya riƙewa.

"Ki sa masa wani abu a abinci ki huta," in ji maƙwabciyarta.

Ta kusa yarda. Sai dai ta san wanda ya yi ɓarnar, kuma ba shi ne ke ɗaure a tsakar gida ba. Ta nemi wani mai horar da karnuka a bayan kasuwa. Mutumin ya zo, ya kalli yadda karen ke bin duk abin da ya motsa da ido.

"Mama, farauta a jininsa take, ba mai cire ta. Amma ana koya masa lokacin da zai bi da lokacin da zai tsaya. Kuma ke zan fara horarwa, ba shi ba."

"Da tsufana?"

"Shi ma ai ba yaro ba ne."

Ta harhaɗa ƙyallaye ta ɗinka wani abu kamar zomo da hannun hagu, ɗinkin da in almajirarta ce ta yi shi da ta sha faɗa. Ta ɗaura shi a sanda. Kullum da safe tana filin bayan makaranta da doguwar igiya da guntayen nama a aljihu. "Tsaya." "Bi." "Saki." Guguwa ya yaga mata zane, ya ja ta cikin kwata, yara suka yi mata dariya. Ta sha komawa gida tana zagin marigayi a zuci, sannan ta nemi gafara. Watanni suka shuɗe. Wata rana kyanwa ta ratsa gabansu, ta ce, "Tsaya." Jikinsa na rawa, amma ya tsaya. A bakin hanya ta zauna ta yi kuka.

Ana haka ƙanin mijinta ya zo gaisuwa. Ya ga karen ya zauna da kalma ɗaya.

"Allah ya jiƙan Yaya, ya iya horo! Dama ina neman mai gadin sito. Ai bai kamata kayan ɗan'uwana su lalace a hannun mace ba."

"Ni na horar da shi. Kuma ba karen gadi ba ne, in bai yi gudu kullum ba haukacewa yake."

Ya yi dariya ya kira ɗanta a waya. Ta ji muryar yaron: "Mama, ki bar wa Baffa mana. So kike ya sake karya ki?"

Ta ba shi karen, ta haɗa masa da sandar da doguwar igiyar, tana bayani yana duba agogo. A bakin ƙofa ya bar su.

A sito aka ɗaure Guguwa da gajeriyar sarƙa, masu dako suna tsokanarsa da jifa don nishaɗi. Ran da sarƙar ta tsinke, wani ɗan dako ya ruga a guje, karen ya bi shi ya yage masa ƙafa. Kafin azahar masu dakon sun kashe Guguwa da katako.

Ba a ma gaya mata ba. A bakin 'yarta ta ji, da abin da Baffa ke faɗa wa dangi: wai kare lafiyayye Yaya ya bari, matar ce ta sangarta shi da nama.

"Me zan ce masa, Mama?"

Anti Tela ta gyara zaman yadi a ƙarƙashin allura. Har yanzu hannun na mata tsami in ta danna.

"Ki tambaye shi yaya ƙafar mutumin. Na san bai je ya duba shi ba."