Lambar Wayar Auta

Maigidana ya shekara talatin yana koyar da lissafi, kuma ritaya ba ta raba shi da ciwon lissafin ba. Ranar da autarmu za ta tafi wurin sabon aikinta, a bakin ƙofa ta karanta masa sabuwar lambar wayarta, ni ina kicin.

Bayan kwana biyu na ce, "Malam, ba ni lambar Auta in ji yadda ta sauka."

Ya gyara zaman tabarau. "Ai yarinyar nan ta dace da lamba. Ba ta rabuwa gida biyu, amma gida tara cif take rabuwa, ba ragowa. Gida biyar ma haka."

"Na ji. Mece ce lambar?"

Sai ya hau sosa ƙeya. Ashe a tafin hannu ya rubuta ta. Ya zauna ya rarraba ta, ya kwafe amsoshin a bayan kalanda, sannan ya wanke hannunsa tas ya ci abinci.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi. "In na ninka waɗannan, lambar za ta dawo."

Ya ninka, ya danna kira, ya miƙo min wayar yana murmushi. Wani mai faci ne ya ɗauka, yana tambaya ko tayar gaba ce ko ta baya.

Na ɗauko jan biron da yake duba aikin ɗalibai da shi, na zabga layi a kalandar.

"Malam, na sauke abinci. Amma ka san dokar ajinka: ba mai tashi sai ya yi gyara."