Ƙararrawar Gidan Elmer

Wani dare cikin hunturu, a garin Duluth, Elmer Rautio ya ji ƙararrawar ƙofarsa ta yi wani irin kuka, rabi ƙara rabi nishi, kamar wanda ya taɓa ta yana jin kunya. Ya sauko ya buɗe, ba kowa sai dusar ƙanƙara kwance a matakala. Kashegari ma haka, abu ya zama na kullum.

A makon ne 'yarsa ta aiko masa da sabuwar na'urar saita ɗumin gida. Gidan ya girmi Elmer, wayoyi biyu kacal ke fitowa daga bango, ita kuwa na'urar tana son ta uku mai ba ta wuta. Elmer ba mai kiran ma'aikaci ba ne. Ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya jawo waya daga ɗan taransifoman ƙararrawa ya haɗa. Na'ura ta kawo haske, ya manta da zancen.

Maƙwabcinsa Vern, abokin kamun kifinsa, tsufa ya fara taɓa masa tunani, har an taɓa tsintarsa bakin tafki da silifa. Elmer ya tarar da matar Vern, Lorraine, tana kwashe ƙanƙara.

"Lorraine, ba tsegumi ba, mutumin naki yana zuwa ƙofata da dare."

"Vern? Ai kulle gida nake yi."

"To ya koyi buɗewa."

Ta jingina shebur. 'Ya'yansu sun daɗe suna so a kai shi gidan kula da tsofaffi, ita ce ta ƙi. Ta ce in har yana fita cikin wannan sanyi tana barci, ta sallama. Aka sa Litinin za a kai shi.

Ranar Asabar Elmer yana ɗakin ƙasa, talabijin a kashe, sai injin ɗumi ya tashi. Nan take ƙararrawa ta yi nishinta a sama. Ya hau ya rage na'urar, ya sake ƙarawa. Nishi. Sai a lokacin ya tuna bai taɓa ganin sawu a matakala ba.

Ya kama wayar da ya haɗa da taransifoman zai cire, ya ga in ya cire ba abin da zai nuna wa Lorraine, ya bari. Ya sa takalmi ya kai bakin shingenta, kunya ta hana shi shiga. Ya dawo ya kashe ɗumin gaba ɗaya, ya kwana cikin bargo da hula.

Lahadi da rana suka shigo yi masa bankwana, Lorraine riƙe da tukunyar dankali da nama, Vern cikin sabuwar riga.

"Kai tsohon marowaci, kifi kake ajiyewa a nan?" in ji ta. "Wannan sanyi fa?"

"Lorraine, bari, akwai maganar da..."

Ta riga ta kai hannu bango ta murɗa na'urar ɗumin. Injin ya yi gurnani a ƙasa, ƙararrawa ta amsa.

Ta dubi gilashin ƙofa, ba kowa. Ta dubi mijinta zaune a kujera, hannu biyu a kofin kofi. Ta rage, ta sake murɗawa, ƙararrawa ta sake amsawa. Sannan ta juyo ta dubi Elmer, shi kuwa idonsa na kan safarsa.

Vern ya ɗaga kai yana murmushi.

"Wai wa ke ƙofa ne? Ba mai buɗe masa?"